Hadarin da ya tashi Damagaram da la'asar, me ya sa yake samun Maraɗi ba shiri?

Duk wanda ya taso a Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san yadda abin ke farawa. Rana ta yi zafi har ta wuce misali, iska ta tsaya cik, gumi ya hana kowa sakat. Can sai gabas ta yi baƙi, wani lokaci ta yi ja. Kafin mai shago ya gama shigar da kaya, wata iska mai sanyi ta buso, ƙura ta turnuƙe, kwanon rufi ya fara kuka. Ruwan ma bai iso ba tukuna, amma ɓarnar ta riga ta faru: rumfunan kasuwa sun kife, bishiyar dogon yaro ta faɗa kan mota, turakun wutar lantarki sun karye, allon talla ya tare hanya. Ranar 4 ga watan Mayun 2020 duniya duka ta ga irin wannan a Yamai, lokacin da wata katangar ƙura ja ta rufe birnin da rana tsaka, hotunanta suka zagaye Facebook da WhatsApp.

Duk shekara idan damana ta kama, tambaya ɗaya ce ke dawowa: ashe ba a iya sanar da mutane kafin abin ya zo? Amsar ta rabu biyu. Cewa tun yau, gobe da ƙarfe kaza iska za ta kware rufi a Tasawa, wannan kimiyya ba ta kai can ba, ko a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki. Amma cewa hadarin da ke kan Damagaram yanzu zai iso Maraɗi nan da awa huɗu, wannan ana iyawa, kuma kayan yin sa suna nan. Inda aka bar mu a baya shi ne tsakanin allon kwamfutar mai hasashe da aljihun mai kabu-kabu.

Yadda hadarinmu yake tafiya

Ruwan Sahel ba yayyafi ba ne mai sauka kullum kaɗan-kaɗan. Binciken da aka yi a yankin Yamai ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan tsakiyar damana yana zuwa ne daga wasu ƴan manyan hadura masu tsari, waɗanda masu hasashe ke kira ligne de grains da Faransanci, wato jerin gizagizan tsawa da suka yi sahu guda. Sahun kan kai tsawon ɗaruruwan kilomita daga arewa zuwa kudu, kuma yana tafiya daga gabas zuwa yamma da gudun da ya kai kilomita 50 zuwa 60 a awa. Yakan rayu awa goma, wani lokaci fiye da kwana guda.

Mafi yawansu da rana suke haihuwa, a wuraren da ƙasa ta yi tudu: duwatsun Azbin, tsaunin Jos a Najeriya, tuddan gabashin Cadi da Darfur. Zafin rana ya ɗaga iska mai laima da ta taso daga teku ta kudu maso yamma. A sama kuma, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas duk damana. Wannan saɓanin, ta ƙasa na tafiya gabas ta sama na tafiya yamma, shi ke hana hadarin mutuwa da wuri, shi kuma ke tura shi yamma. Abin da kakanninmu suka lura da shi na cewa ruwa daga gabas yake zuwa, ga dalilinsa.

Sai a yi lissafi. Tsakanin Damagaram da Maraɗi, a miƙe ba ta hanyar mota ba, kilomita 200 ne da ƴan kai. Tsakanin Maraɗi da Yamai kusan 540. Hadarin da ya bar Damagaram da la'asar, idan bai mutu a hanya ba, zai sami Maraɗi wajen isha'i, ya wuce Ƙonni da Dogon Dutsi cikin dare, ya tashi mutanen Yamai da asuba. Ba a banza ba ne ruwan Yamai ya fi sauka da sassafe. Wanda ke gabas yana ganin abin da zai sami wanda ke yamma awanni kafin ya same shi. Ƙasashe kaɗan ne yanayinsu ke ba da irin wannan dama, mu kuwa ƙasarmu a kwance take daga gabas zuwa yamma a kan hanyar hadarin, kamar yadda babbar hanya ta ɗaya ta miƙe daga Difa zuwa Yamai.

Ga masu cewa hasashen yanayi shisshigi ne cikin gaibu: idan ɗan kamasho a tashar Damagaram ya bugo waya ya ce motar ta tashi ƙarfe huɗu, ku jira ta bayan isha'i, ba duba ya yi ba. Ya ga mota, ya san nisan hanya. Tana iya lalacewa a Tasawa, wannan kuma ikon Allah ne. Irin wannan hasashen ake magana.

Iskar da ke riga ruwa isowa

Idan ana zancen ɓarnar damana, hankali kan tafi ga ambaliya, kuma da dalili. A 2024 hukumomi sun ƙidaya kusan mutum 400 da suka rasu, sama da miliyan ɗaya da rabi kuma abin ya shafa. A ƙarshen watan Agustan shekarar, ruwan da ya kai milimita 150 ya sauka a birnin Maraɗi cikin awa ɗaya da rabi. Ƴan kwanaki bayan haka tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Komawa makaranta ma sai da aka ɗage zuwa 28 ga Oktoba.

Amma iska tana da nata lissafin, kuma ita ce ta fi ba da ɗan gajeren wa'adi. A cikin hadari, ruwan da ke faɗowa yana ratsa busasshiyar iskar da ke tsakiyar sama. Wani kaso nasa ya koma tururi, iskar ta yi sanyi, ta yi nauyi, ta rikito ƙasa da ƙarfi. Idan ta daki ƙasa sai ta bazu gaba kamar ruwan da aka kwara daga bokiti a tsakar gida. Ita ce iskar sanyin nan da muke ji kafin ruwa, ita ce kuma ke ɗaga katangar ƙura. Takan riga ruwan da mintuna 10 zuwa 30, wani lokaci ma ruwan bai zuwa ko kaɗan, sai ƙura da ɓarna. Shi ya sa watannin Mayu da Yuni suka fi haɗari ta wannan fanni: ƙasa a bushe, iskar sama a bushe, zafi ya kai maƙura, don haka iskar da ke rikitowa ta fi sanyi da nauyi idan aka kwatanta da wadda ta tarar a ƙasa.

Akwai wani abu da duk mai gini ya kamata ya riƙe. Ƙarfin da iska ke dannawa a kan bango ko rufi ba ya ƙaruwa daidai da gudunta, ninkawa yake yi. Idan gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin ya ninka sau huɗu. Rufin da ya jure iska mai gudun kilomita 50 a awa shekara da shekaru, ranar da ta kai 100 zai sha dukan da ya fi na da sau huɗu. Kuma iska ba danna kwano take yi ƙasa ba, tsotsarsa take yi sama, musamman a gefuna da kusurwoyi, kamar yadda take ɗaga fiffiken jirgi. Idan ƙofa ko taga ta buɗe a ɓangaren da iskar ke fitowa, ta shiga ɗakin ta tura daga ciki, sai aiki ya zama biyu. Kwanon da ya tashi kuwa wuƙa ce mai yawo a sama.

Ƙanƙara: ita ce mai wuyar kamawa

Ƙanƙara ba ta cika sauka a ƙasarmu ba, shi ya sa idan ta sauka ake ta ɗaukar hoto. Ba wai babu ita a cikin gajimare ba ne. Kan hadarin Sahel yakan haura kilomita 15, sanyin can sama ya wuce digiri 70 ƙasa da sifiri, kuma ƙanƙara cike take a ciki. Abin da ke ceton mu shi ne nisan hanya. A nan sai an hau kusan kilomita 5 kafin a kai inda ruwa ke daskarewa, don haka ƙanƙarar da ta faɗo tana da doguwar tafiya cikin iska mai zafi, kuma mafi yawanta kan narke ta iso a matsayin manyan ɗigon ruwa masu sanyi. Wadda ta iso ƙasa da ƙarfinta, ta fara ne da girma sosai. Don ƙanƙara ta kai girman ƙwan zabo, sai iskar da ke hawa cikin gajimaren ta kai gudun kusan kilomita 100 a awa, ta riƙe ta a sama tana ƙara kauri. Wurare masu tudu irin su Jos ko tuddan Kenya da Habasha sun fi mu ganinta saboda tafiyar ta fi gajarta.

Matsalar mai hasashe ita ce ƙanƙara a siririn layi take sauka, faɗinsa ƴan kilomita, cikin ƴan mintuna. Ta iya kashe geron da ya fara tsiro a wani ƙauye, ta kakkaɓe mangwaro, ta fasa faifan sola, maƙwabcin ƙauyen kuma bai ga komai ba. Tauraron ɗan Adam saman gajimare yake gani, ba cikinsa ba. Abin da ke iya leƙa ciki ya bambanta ruwa da ƙanƙara shi ne radar. Saboda haka duk wanda ya turo maka saƙo cewa jibi za a yi ƙanƙara a unguwa kaza, ƙarya yake yi. Iyakar abin da mai gaskiya zai ce shi ne yau yanayi ya dace da hadari mai tsanani, ƙanƙara na iya biyo baya.

Ƴan uwanmu da ke zaune a Amurka sun san yadda ake yi a can. Hadari ana kiransa mai tsanani ne idan iskarsa ta kai kilomita 93 a awa ko ƙanƙararsa ta kai santimita 2 da rabi. Wata cibiya a garin Norman na jihar Oklahoma ke fitar da taswirar wuraren da ke cikin haɗari kwanaki kafin lokaci, sannan a ranar a ce wa yanki guda ya zauna cikin shiri na wasu awanni. Gargaɗin ƙarshe, mai cewa ga shi nan ku shiga ɗaki, ofishin yankin ne ke bayar da shi bayan radar ta gani, kuma yawanci bai wuce na rabin awa zuwa awa guda ba. Suna da radar kusan 160. Tun 2021, idan iskar ta kai kilomita 130 ko ƙanƙarar ta kai santimita 7, saƙon da kansa yake shiga duk wayar da ke yankin. A Faransa kuwa taswirar launi huɗu, kore, rawaya, ruwan lemo da ja, an fara ta a 2001 bayan guguwar da ta yi ɓarna a Disambar 1999. Abin lura a nan: ko su da kuɗinsu, gargaɗin da ke ceton rai na mintuna ne da awanni, ba na kwanaki ba.

Me ya sa manhajar wayarka ke yaudararka

Matasa da yawa yanzu wayarsu suke dubawa. Ta nuna hoton gajimare da kashi 40 cikin 100, a yi shiri, ko ɗigo bai sauka ba. Washegari ta nuna rana, a kwashi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Sai a yanke hukunci cewa duk hasashe shirme ne.

Waɗannan alƙaluma ba daga wani ma'aikaci da ke kallon samaniyar Tawa suke fitowa ba. Daga manyan kwamfutocin Turai da Amurka suke, waɗanda ke yanka duniya gida-gida, kowane gida faɗinsa kilomita 9 zuwa sama da 20. Zuciyar hadari, inda iska ke hawa, ba ta wuce ƴan kilomita ba, ta fi gidan ƙanƙanta. Don haka kwamfutar ba ta ganin hadarin, kintatarsa take yi da wani lissafi na tsaka-tsaki. Sakamakon shi ne takan sa ruwa ya sauka da wuri da rana, kaɗan-kaɗan, a ko'ina, alhali a zahiri yana zuwa ne da yamma ko da dare, da yawa, a wuri guda. A Turai wannan rauni bai cika fitowa fili ba, domin ruwansu manyan iskoki masu faɗin dubban kilomita ke kawo shi, waɗanda kwamfuta ke gani tun daga nesa. A can Juma'ar da za ta yi kyau tun Laraba ake gane ta. Hadarinmu kuwa sau da yawa sai ranar Juma'ar da azahar yake yanke shawara.

A 2018 wasu masu bincike a Jamus suka gwada manyan tsare-tsaren hasashe guda tara a kan ruwan arewacin Afirka mai zafi, har da Sahel. Abin da suka samu ya girgiza masana: hasashen kwana ɗaya zuwa biyar, yadda ya fito daga kwamfuta, bai kai ingancin wanda kawai ya duba tarihin ruwan shekarun baya ya ce a irin wannan rana yawanci ana ruwa ko ba a yi ba. An samu ci gaba tun daga lokacin, amma matsalar tana nan.

Wani ɓangare na laifin rashin awo ne. Kwamfuta sai an gaya mata halin da sama ke ciki yanzu kafin ta lissafa gobe, kuma hakan na buƙatar tashoshin awo a ƙasa da balan-balan masu ɗauke da na'ura da ake saki sama sau ɗaya ko biyu a rana. Nijar faɗinta murabba'in kilomita 1,267,000 ne. Wani sharhi da aka buga a mujallar Nature a 2023 ya kawo cewa Amurka da Tarayyar Turai suna da tashoshin radar 636, Afirka duka 37.

Hasashen damana da ake fitarwa wajen watan Afrilu wani abu ne daban. A 2024 ya ce za a sami ruwa fiye da yadda aka saba, kuma haka aka yi. Yana da amfani ga manomi wajen zaɓen iri da kuma magajin gari wajen yashe lambatu. Amma ba ya gaya wa kowa daren da katanga za ta faɗi.

Abin da ke hannu yanzu

Ranar 13 ga Disambar 2022 aka harba wani sabon tauraron yanayi na Turai, na farko a zubi na uku na Meteosat. Yana tsaye a saman Afirka, yana aiko da hoton nahiyar duka kowane minti 10, inda na baya ke yi a minti 15, kuma hotonsa ya fi fitowa. Abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne yana ɗauke da na'urar da ke ƙirga walƙiya dare da rana. Yawan walƙiya alama ce ta ƙarfin iskar da ke hawa cikin gajimare. Idan ta ƙaru farat ɗaya a wani ɓangare na sahun, nan ne iska mai ɓarna ko ƙanƙara ta fi yiwuwar biyowa. Ba ta kai radar ba, amma ga ƙasar da ke da faɗi irin tamu, ido ne da ke ganin Difa da Tilaberi a lokaci guda. Radar guda ba ta gani fiye da kilomita 200 zuwa 250, daga Yamai zuwa Difa kuwa ya haura 1,100, don haka sai an jera da yawa, kowace da wutarta da masu gyaranta. Wadda masu bincike daga Amurka suka kafa a filin jirgin Yamai a damanar 2006 da 2007, ƙarƙashin shirin AMMA, ta koya wa duniya abubuwa da yawa kan hadarin Sahel, amma ta bincike ce ba ta aikin yau da kullum ba.

Akwai kuma wani sani da aka samu kwanan nan. Masana a Birtaniya ƙarƙashin Christopher Taylor sun nuna cewa hadarin Sahel ya fi tashi, kuma ya fi ƙarfi, a kan ƙasar da ta bushe kusa da wadda ta jiƙe. Tauraro na iya auna zafin ƙasa da safe ya nuna inda aka yi ruwa jiya da inda ba a yi ba, daga nan a san wuraren da hadarin yamma zai fi tsananta. An gwada wannan tare da ma'aikatar yanayi ta Senegal. Su ne kuma suka buga a 2017 cewa hadura mafi tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982, kuma suka danganta hakan da yadda Sahara ke ƙara zafi. Wato abin da ya sami Maraɗi a 2024 ba baƙo ba ne da zai zo sau ɗaya ya tafi.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan lamari shi ne yadda Yamai ta tara masanan yanayi. Cibiyar AGRHYMET tana nan tun 1974. ACMAD, cibiyar yanayi ta nahiyar Afirka duka, a Yamai take. Makarantar EAMAC da ke horar da masu hasashe da ma'aikatan jiragen sama na ƙasashe da dama, ita ma a Yamai. Ga ma'aikatar yanayi ta ƙasa, DMN, da ke fitar da sanarwa kullum. Matuƙin jirgin da zai sauka a filin Diori Hamani ana gaya masa minti nawa ya rage sahun hadari ya iso da gudun iskar da ke gabansa, domin dokar sufurin sama ta duniya ta tilasta hakan. Mai tallar kankana da ke kilomita biyu daga filin ba wata doka da ta tilasta a gaya masa.

Daga allo zuwa aljihu

Sanarwar da ta fito da safe, da Faransanci, mai cewa ana iya samun ruwa da tsawa a kudancin jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, gaskiya ce amma ba ta sa kowa ya tashi daga inda yake zaune. A watan Agusta kusan kullum ana iya faɗin haka. Abin da zai sa mai rumfa ya kwance tanti shi ne saƙo irin wannan: hadari mai iska ya wuce Gazawa yanzu, zai shiga Maraɗi tsakanin ƙarfe bakwai da rabi da takwas da rabi, ku nisanci bishiya da katanga. Gari, lokaci, abin yi. Da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, kuma da murya, domin ba kowa ke karatu ba.

Don a yi haka ana buƙatar abubuwa da ba su kai kuɗin radar guda ba. Masu hasashe da ke kan aiki dare da rana daga Mayu zuwa Oktoba, da wuta da intanet da ba sa yankewa, tunda hadarinmu ya fi son dare kuma shi kansa ke ɗauke wutar. Izinin fitar da gargaɗi nan take, ba tare da jiran sa hannun wani babba da ke barci ba. Yarjejeniya da gidajen rediyo, na gari da na karkara, cewa za su katse shiri su karanta. Sai kamfanonin waya. Akwai fasahar da ke tura saƙo ga duk wayar da ke ƙarƙashin eriya kaza a lokaci guda, ba sai an san lambar kowa ba, ba sai da kuɗi a waya ba. Kamfanonin da ke iya damun mu da tallar garabasa sau biyar a rana ba za su ce wannan ya fi ƙarfinsu ba, kuma hukumar da ke ba su lasisi tana da ikon sa shi cikin sharuɗɗa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗora wa kanta a 2022 cewa kafin ƙarshen 2027 kowane mutum a duniya zai kasance ƙarƙashin tsarin gargaɗin gaggawa. Ana yawan zancen dogaro da kai a ƙasar nan tun 2023. Wannan fanni ne da za a iya gwada shi ba tare da jiran kowa ba, tunda masanan namu ne, eriyoyin a ƙasarmu suke.

Akwai haɗari guda da bai kamata a ɓoye ba. Hadari yakan mutu a hanya, yakan karkata kudu ya shiga Katsina, wani kuma ya haihu a kan garin kansa ba tare da ya zo daga ko'ina ba, wanda irinsa gargaɗin bai wuce na rabin awa. Idan aka tayar da kasuwa sau uku ba a ga komai ba, na huɗu ba wanda zai motsa. Maganin wannan shi ne a taƙaita ƙarar waya ga hadura mafi tsanani, a kuma fito washegari a ce jiya mun yi gargaɗi, ya mutu kafin Tasawa, ga hoton. Mutanen da suka saba da cinikin hatsi sun san ma'anar mai yiwuwa. Abin da ba sa yafewa shi ne a yi shiru kamar ba a faɗa ba. Idan kuma hukuma ba ta cike wannan gurbi ba, masu saƙon murya a WhatsApp za su cike shi da tsohon bidiyon wata ƙasa.

Kafin a kai can, akwai abin da ke hannun mai karatu. Hotunan tauraro da taswirar walƙiya suna samuwa kyauta a intanet, kuma wanda ya kalli yadda dunƙulen gajimare ya motsa cikin awa biyu da suka wuce ya fi mai kallon kashi 40 sanin abin da ke tafe. Ɗan Maraɗi da ke Legas, Akara ko Tamanrasset, mai intanet mai ƙarfi, yana iya ganin hadarin da ke kan Matamai kafin mahaifiyarsa da ke gida ta ga gabas ta yi duhu. Idan walƙiya ta haska, a ƙirga daƙiƙa har a ji tsawa: kowace daƙiƙa 3 kilomita guda ce, kuma idan bai kai 30 ba an riga an shiga inda aradu ke iya faɗowa, gindin bishiya ba mafaka ba ne.

Masu aiko da kuɗin gini daga waje kuma, tambayar da ya kamata a yi wa magini ba launin fenti ba ce. An ɗaure katakon rufi da ƙarfen da ke cikin simintin saman bango, ko an ɗora shi ne kawai an danne da bulo? Ƙusa nawa aka buga a gefuna da kusurwa? Faifan sola da tankin ruwa da aka ɗora sama, da me aka riƙe su? Bambancin kuɗin bai kai na sake sayen kwano ba, kuma aikin sai an yi shi kafin watan Mayu.